Zaure, Agogo da Waya: Tarihin Aiki a Gida har zuwa Annobar 2020

A ranar 20 ga watan Maris na shekarar 2020 aka rufe makarantun ƙasar Nijar baki ɗaya, tun daga na ƙananan yara har jami'o'i, kwana ɗaya bayan an tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a birnin Yamai. An ce mana hutun sati biyu ne. Ba mu koma aji ba sai ranar 1 ga watan Yuni. A tsakanin nan ni da abokan aikina da dama muka tsinci kanmu cikin wani hali da ba mu taɓa shiryawa ba: ga mu cikin gida, ga aiki ya biyo mu, ga iyali na kallonmu.

Wata rana da hantsi ina zaune a tsakar gida da tarin takardu, yara na guje-guje, waya na ƙara, sai na yi tsaki na ce gida ba wurin aiki ba ne. Mahaifiyata na gefe tana ɓarar gyaɗa. Ba ta kiran sunana, domin ni ne ɗan fari. Sai ta ɗago kai ta ce: "Mushe, to mu a ina ka ga muna yin namu aikin? Kuɗin littafinka na lakwal daga wane biro suka fito?"

Ban sami amsa ba. Shekara arba'in ta yi tana soya ƙuli-ƙuli tana matsar mai a tsakar gida, ta yi renon mu bakwai, kuma ban taɓa jin ta ce gida ya hana ta aiki ba. Tambayar tata ce ta sa na koma ga littattafan tarihi. Abin da na tarar shi ne, aiki a gida tsohon abu ne ƙwarai a ƙasar Hausa. Abin da ya zo sabo a 2020 shi ne aiki a gida ba tare da iyaka ba. Kakanninmu sun gina iyakoki tsakanin sana'a da iyali, da ƙasa da lokaci da ladabi, mu kuwa annoba ta same mu mun rushe nasu, ba mu gina namu ba.

Gida ne masana'anta ta farko

A watan Fabrairu na 1851 Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya ɗauki sunan Abdul Karim a tafiyarsa, ya shiga birnin Kano bayan ya ratsa Tasawa da Katsina. Ya ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000, ya kuma ƙiyasta tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano a kai su waje suna kawo aƙalla wuri miliyan 300 a shekara. Tufafin na isa Murzuk da Ghat da Tarabulus, suna isa Tumbuktu. Amma abin da ya fi ba shi mamaki ba yawan kuɗin ba ne. Ya fito daga Turai inda manyan masana'antu suka tattara maza da mata da yara cikin ɗakuna masu hayaƙi. A Kano sai ya ga wannan dukiya duka tana fitowa daga cikin gidaje, ya kuma rubuta cewa sana'ar tana ciyar da iyalai ba tare da ta raba su da zaman gidansu ba.

Haka abin yake a Damagaram, inda Barth ya sauka a ƙarshen 1852. Dukawa da majema da maɗinka da maƙera ba su da wani wurin aiki da ya wuce ƙofar gidajensu ko rumfar da ke jikin bango. Attajiran Zango ba su da biro: zaurensu shi ne wurin ciniki da lissafi, nan ne masaukin baƙi, nan ake ɗaure kaya a kwance kaya. Malami a zaurensa yake ba da karatu, a nan yake rubutu, a nan ake kawo masa tambaya. Ko sarki, fadarsa gidansa ce. Mutumin wancan zamani da za a tambaye shi ƙarfe nawa yake zuwa wurin aiki, ba zai ma gane tambayar ba.

To yaya aka yi sana'a ba ta cinye gida ba, gida kuma bai kashe sana'a ba?

Iyakoki uku

Iyaka ta farko ta gini ce. Duk wanda ya san gidan Bahaushe na gargajiya ya san ba a faɗawa cikinsa kai tsaye. Daga titi sai zaure, daga zaure sai farfajiya, daga nan shigifa, sannan cikin gida inda ɗakunan mata da madafa da rumbu da turakar mai gida suke. An saba fassara wannan tsari da cewa don tsare mutuncin mata aka yi shi, kuma gaskiya ne. Amma yana da wani amfani na biyu da ba a cika faɗi ba: ya tsayar da aikin mai gida a bakin ƙofa. Mai bin bashi da mai kawo ɗinki da ɗalibi da dillali, duk a zaure suke tsayawa. Idan mai gida ya ɗaga asabari ya shiga ciki, ya tashi daga aiki ke nan, ko da taku ashirin ne kawai ya yi.

Iyaka ta biyu ta lokaci ce. Ba agogo, amma rana ba ta tafiya a dunƙule. Asuba, hantsi, azahar, la'asar, magariba da lisha sun yanka yini gunduwa-gunduwa, kowace da abin da ake yi cikinta. Mako ma a rabe yake. Makarantar allo na hutu Alhamis da Juma'a. Kasuwa na da ranarta: Maraɗi Litinin da Juma'a, Damagaram Alhamis, Tawa Lahadi, kuma mai sana'a na auna aikinsa da ranar da zai kai kaya. A gona akwai yarjejeniya tsayayya tsakanin uba da ƴaƴansa: lokacin gandu na gida ne duka, lokacin gamana, wadda wasu ke kira gayauna, na mutum ne shi kaɗai. A wasu garuruwa da ranaku ake rabawa, a wasu kuma a yi gandu da safe a saki kowa bayan azahar. Uban da ya ci lokacin gamanar ɗansa ya san gari zai yi magana. A cikin gida ma, inda mata suka fi ɗaya, kwanan girki ya raba nauyi: wadda ba ta da girki ta sami sararin sana'arta. Shekara kanta ta kasu biyu, damina ta noma, rani na sana'a da fatauci da ci-rani.

Iyaka ta uku ta ladabi ce, wato sallama da ɗan aike. Ba mai shiga sai ya yi sallama, ba mai ganin mai gida sai yaro ya shiga ya faɗa. Yaron kuwa na iya dawowa ya ce yana cin abinci, ko ya kwanta, a dawo bayan la'asar, kuma ba wanda zai ɗauki wannan cin fuska. Al'umma ce gaba ɗaya ta yarda cewa akwai lokacin da mutum ba ya samuwa. Wannan ita ce mafi ƙarfi cikin iyakokin uku, domin ba mutum ɗaya ke tsaron ta ba.

Kasuwar da ba a gani

Sai dai duk abin da na lissafa ya fi kāre namiji. Mace ba ta da zaure. Wurin sana'arta shi ne wurin girkinta, shi ne wurin renonta. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta aka buga shi littafi a 1954, ta nuna yadda kaɗi da sauran sana'o'in cikin gida suke ba mace abin hannunta, wanda miji ba shi da iko a kansa. A 1969 Polly Hill, bayan zamanta a Batagarawa kusa da Katsina, ta wallafa nazari a kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki: hatsi da mai da abinci dafaffe suna yawo daga gida zuwa gida, mata na ƙulla ciniki ba tare da sun taka ƙofa ba, har farashi na daidaita kamar a kasuwa. Duk wanda ya tashi a Maraɗi ya san wannan ba labarin Batagarawa kaɗai ba ne, musamman tun da noman gyaɗa ya bunƙasa, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli suka zama jarin mata.

Ko koyarwa daga nesa ba a 2020 aka fara ta ba. Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, daga gidanta ta tsara karatun matan karkara. Tana rubuta waƙoƙin koyarwa, jajoji na zuwa su ɗauka su haddace, su kai wa ƴan taru a ƙauyuka. Malama na gida, ɗalibai na nesa, darasi na tafiya.

Amma kada daɗin labari ya rufe mana ido. Wannan tsari yana da wanda ke biyan kuɗinsa. Kasuwar cikin gida ba ta ci sai da ƙafafun yara. Yarinyar da ta ɗauki tiren talla tun safe ita ce waya, ita ce mota, ita ce mai karɓar kuɗi, kuma mu malaman makaranta mun san kujerar da ta bari babu kowa a aji. Ƙannena mata biyu sun yi wa Inna talla, ni aka sa lakwal. Da na ce Inna ba ta taɓa cewa gida ya hana ta aiki ba, ya kamata in ƙara da cewa ban taɓa ganin ta zaune hannu sake ba. Ba ta tashi daga aiki, sai dai barci ya ɗauke ta.

Zuwan biro da agogo

Raba gida da wurin aiki a Ingila ya soma ƙarfi. Can ma a da saƙa da kaɗi a gidaje ake yin su, attajiri ya kawo auduga ko ulu ya dawo ya karɓi zare. A 1771 Richard Arkwright ya kafa masana'antar kaɗi mai aiki da ƙarfin ruwa a Cromford, daga nan injin ya fara kiran mutane su bar gida su zo inda yake. Da aka raba wurin, sai rigima ta koma kan lokaci: awa nawa na mai masana'anta, awa nawa na mai aiki? An yi fiye da shekara ɗari ana wannan ja-in-ja. A 1847 dokar Ingila ta tsayar da aikin mata da matasa a masaƙu kan awa 10. A watan Mayu na 1886 ma'aikatan Chicago suka yi yajin neman awa 8, aka zubar da jini, kuma daga nan ranar 1 ga Mayu da ma'aikatanmu ke biki ta samo asali. A 1919 yarjejeniya ta farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar da awa 8 a yini da 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu. A 1936 Faransa ta sauko zuwa awa 40, ta kuma ba da hutun sati biyu da albashi.

Mu kuwa agogo da bindiga ya zo mana. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka mai da ita babban birnin yankin daga 1911 har 1926 da aka koma Yamai. Tare da kumandan aka sami biro, da lanho, da lakwal mai ƙararrawa, da aikin tilas wanda ya kwashi maza daga gonakinsu ba tare da ya tambayi gandu ko gamana ba. Ba a soke aikin tilas ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Awa 40 ɗin da ma'aikacin Faransa ya samu tun 1936 ba ta iso ga na Afirka ba sai bayan babban yajin aikin 3 ga Nuwamba 1952 a Afirka ta Yamma ta Faransa, wanda ya matsa aka zartar da dokar ƙwadago ta 15 ga Disamba 1952. Dokar ƙwadagon Nijar ta 2012 ta riƙe wannan adadi na awa 40 a mako.

Biro ya raba ma'aikaci da zaurensa, amma ya ba shi wani abu a madadi: tashi daga aiki. Masinja ya rufe ƙofa, a hau keke ko babur, a tsaya majalisa a sha shayi, a isa gida an sauke nauyi. Hanyar da ke tsakanin biro da gida ita ta zama sabon zaure. Saboda haka ne da aka fara gina gidajen ma'aikata da gidajen haya a birane ba wanda ya damu da rashin zaure. Ƙofar ƙarfe, ƴar tsakar gida, ɗaki da falo: me za a yi da zaure tun da aiki na can biro? Mu malamai mun san rabuwar ba ta taɓa cika ba, domin takardun gyara kullum suna bin mu gida cikin jaka. Amma takarda ba ta magana. Ana iya ajiye ta sai bayan lisha.

Da annoba ta mai da aiki gida

Annoba ta sha korar mutane daga wurin aiki. A 1665, da annoba ta kashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Landan, an rufe jami'ar Cambridge, Isaac Newton ya koma gidan gonar mahaifiyarsa a Woolsthorpe, inda ya yi tunanin da ya zama tushen bincikensa a kan lissafi da haske da ƙarfin da ke jawo abubuwa ƙasa. A 2020 an yi ta yaɗa wannan labari a wayoyi, ana cewa ga abin da mai himma ke yi da zaman gida. Abin da ba a faɗa ba shi ne, Newton saurayi ne ɗan shekara ashirin da ƴan kai, ba mata, ba ɗa, kuma ba shi ke hura wuta ba. Mu ma nan a watan Afrilu na 2015 sanƙarau ya sa an rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki. Amma a lokacin rufe makaranta hutu ne, ba wanda ya ce malami ya ci gaba da darasi daga ɗakinsa.

Abin da ya canja shi ne na'ura. Tun 1973, lokacin tsadar man fetur, wani injiniya Ba'amurke mai suna Jack Nilles ya kawo shawarar a bar ma'aikaci a gida a kai masa aikin ta hanyar sadarwa. Shawarar ta yi kusan shekara hamsin tana tafiyar hawainiya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 260 ne ke aiki a gida, kashi 7.9 cikin ɗari na ma'aikatan duniya, kuma mafi yawansu irin Inna ne, ba masu kwamfuta ba. Sai ga 11 ga Maris 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona annobar duniya. Cikin ƴan makonni ɗalibai kusan biliyan 1.6 suka bar aji. Masu shiga taro ta Zoom a yini suka tashi daga miliyan 10 a Disamba 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilu 2020. An zaci wanda aka ɗauke wa wahalar hanya zai sami hutu. Wani bincike da masana na jami'o'in Harvard da New York suka yi a kan saƙonni da tarurrukan ma'aikata miliyan 3.1 a manyan birane 16 ya nuna akasin haka: yinin aiki ya ƙaru da minti 48 da rabi.

A Nijar, bayan rufe makarantu da iyakokin ƙasa da hana manyan taruka, an kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya ranar 27 ga Maris, aka sa dokar hana fita a Yamai daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, aka killace birnin. An rufe masallatai, abin da ya jawo tarzoma a Mirya da wasu unguwannin Yamai, ba a buɗe su ba sai 13 ga Mayu. Ranar 3 ga Mayu cutar ta ɗauki ran ministan ƙwadago kansa, Mohamed Ben Omar. A gidajen rediyo masu magana da Hausa wata kalma ta yi ta yawo: dokar kulle. Maza suka ɗanɗana, na ƴan makonni, kalmar da mata suka sani tun kaka da kakanni.

Wajibi ne a faɗi cewa masu aiki daga gida ta waya ƴan tsiraru ne a ƙasarmu. A 2020 waɗanda ke da wutar lantarki ba su kai mutum ɗaya cikin biyar ba, kuma galibin masu neman abinci ba su da albashi. Ɗan kabu-kabu da mai shayi da mai tsire ba su da aikin da za su kai gida. Dokar hana fita cikinsu ta taɓa. Mata masu sana'ar gida su ma sun ji jiki, domin ƙofar makaranta da taron biki da na suna su ne kasuwarsu. Wanda ya yi kukan aiki ya yi masa yawa a gida, ya tuna akwai wanda ya yi kukan babu aikin. Duk da haka abin da ya sami tsirarun ya cancanci a rubuta, domin hanyar da suka bi ita ce sauran ke bi a yau.

Baƙon da ba ya sallama

Ni dai ɗaliban ajin ƙarshe na lise ne suka hana ni barci, domin jarrabawar BAC na gabansu, wadda daga baya aka ɗage zuwa watan Agusta. Muka buɗe zaure a WhatsApp. Haka muke kiransa, zaure, amma zaure ne da ba shi da bango. Cikin ɗalibai saba'in da wani abu, waɗanda suka iya shiga ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Su ma yawancinsu wayar ta yaya ce ko ta baba, ba ta zuwa hannunsu sai dare, kuma da dare ne kuɗin intanet ke da sauƙi. Saboda haka tambayoyi sai su fara sauka ƙarfe goma sha ɗaya, sha biyu, ɗaya. Ga zafin bazara, ga wuta na ɗaukewa, ga azumi ya kama a ƙarshen Afrilu. Ina jin kunyar in bar yaron da ya yi aron waya ba amsa. Ina kwance waya na kan ƙirjina, ina shan ruwa tana gefen kwano. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni kuwa ba tsagewa bangona ya yi ba, babu shi ne sam.

Abin da ya farkar da ni ƴata ce ƴar shekara biyar. Ta kawo mini wani zane da ta yi, na ɗaga mata hannu ban ɗago kai ba. Sai na ji ta koma wurin uwarta tana tambaya: "Mama, Baba yana nan ko ya tafi lakwal?" Ina zaune taku uku daga inda take.

Washegari na yi abin da kakana zai yi. Gidan haya ne, ba zaure, sai na kafa ƴar rumfar zana a bakin ƙofa daga ciki, na kai tebur da kujera. Da safe in sa rigar aiki in tafi rumfa, yara su san Baba ya tafi lakwal, mai son ganina ya yi sallama. Da azahar in tashi. Na gaya wa ɗalibai su aiko tambaya duk lokacin da waya ta zo hannunsu, amsa kuwa sai bayan asuba, ba wanda zai rasa. Da magariba in miƙa wa Inna wayar ta sa cikin kwallarta, inda ba mai ƙarfin halin buɗewa. Ba ɗalibin da ya yi ƙorafi. Aikin ma ya fi kyau, domin ba a tauna taura biyu a baki ɗaya.

Amma da aka koma makaranta na ba abokan aiki wannan labari ina jin daɗin dabarata, sai wata malama da muke koyar da Faransanci tare ta ce: "Malam, da kake cikin rumfar, wa ke riƙe da yaran?" Ita ta yi nata darasin da goyo a baya, tukunya a wuta, tana ɗaukar murya a waya tana sake ɗauka saboda kukan jariri. Rumfata ta tsaya ne domin akwai mata biyu a bayanta. Tambayar Inna ta buɗe mini tarihi, tambayar malama ta nuna mini inda tarihin bai gyaru ba.

Abin da ya rage mana

Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. Annoba ta wuce, amma zaurukan waya ba su rufe ba. Na ma'aikata, na iyayen yara, na ƙungiya, na ƴan aji: sanarwar taro na iya zuwa ƙarfe goma na dare, kuma a ga laifin wanda bai gani ba. Awa 40 da aka yi yaji aka samu a 1952 tana nan a takarda, waya na cin ta ta gefe.

Wasu ƙasashe sun koma ga doka. Tun 1 ga Janairu 2017 Faransa ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna haƙƙin ma'aikaci na kashe na'ura bayan aiki. Fotugal a 2021 ta hana mai ba da aiki neman ma'aikaci a lokacin hutunsa sai da larura, Ostireliya ta kafa irin wannan haƙƙi a 2024. Masu sana'ar hannu a gida kuwa, an yi yarjejeniyar duniya domin kāre su tun 1996, amma ƙasashen da suka amince da ita ba su kai ashirin ba.

Mu ba sai mun jira doka ba kafin mu fara. Tarihin da na bi ya nuna abu ɗaya: ba a taɓa barin mutum shi kaɗai ya tsare iyakar aikinsa ba. Magini ya taya shi, ladan ya taya shi, ɗan aike ya taya shi, daga baya ƙungiyar ƙwadago ta taya shi. Don haka shawarar da ake ba mutum cewa ya iya tsara lokacinsa rabin magana ce. Makaranta na iya yanke cewa ba a aika sanarwa bayan lisha. Ƙungiyar al'adu na iya sa wa zaurenta na waya lokacin buɗewa da na rufewa, kamar yadda kasuwa ke da ranarta. Mu masu koyar da Hausa muna koya wa yara gaisuwa da sallama; lokaci ya yi da za mu koya musu cewa saƙon waya ma shiga gidan mutum ne, yana da lokaci, yana da ladabi. Kuma duk namijin da ya kafa rumfarsa, ya tambayi kansa yaushe ne lokacin gamanar matarsa, wa zai riƙe mata yara, kada kuma amsar ta zama ƴar da ya kamata a ce tana aji.

Inna ta bar suya yanzu, ƙarfi ya ƙare. Amma kwallar na nan, kuma har yau idan magariba ta yi takan miƙo hannu ba tare da ta ce komai ba.